Cire irin kusbara da adana shi: tambayoyi da amsoshi

Kusbarata ta daina ganye, ta miƙe sama tana fure. Ta lalace ke nan?

A'a, lokacin yin iri ne ya zo. Idan zafi ya yi yawa, kusbara, shuka mai ƙamshi da ake sa ganyenta da irinta a girki, wadda wasu ke kira koriyanda, takan fitar da ƙananan furanni farare, ganyenta ya sirance. Kada a tuge ta. Ƙudan zuma za su yi aikinsu, daga baya ƙwayoyi kore su ɗaure a kan kowane reshe.

Yaushe ake yanka?

Nan ne galibi ake kuskure. Daga shuka zuwa nunar iri yakan ɗauki kwana 90 zuwa 120. Idan aka yi gaggawa, ƙwayar tana kore, ba za ta tsiro da kyau ba. Idan kuma aka yi sake, sai a tarar rabinta ta zube ƙasa, don da ta bushe ko iska ce ta kaɗa ta, faɗuwa take yi. Abin lura shi ne launi: da zarar yawancin ƙwayoyin sun koma ruwan ƙasa, a yanke karan. Ni na fi son yanka da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, don a lokacin ba sa saurin kakkaɓewa.

Ta yaya ake busar da shi?

A ɗaure karan, a tura kawunan cikin jakar takarda, a rataye a inuwa inda iska ke shiga. Ban da leda, tana riƙe danshi, irin ya yi fumfuna. Bayan mako 1 zuwa 2 a girgiza jakar, za a ji suna ƙara a ƙasa. Waɗanda suka maƙale a murje su da hannu, a sheƙe ƙaiƙayin.

Ajiya fa?

Kwalba mai murfi, wuri mai sanyi da duhu, a rubuta shekara a jiki. Yakan kai shekara 2 zuwa 3 yana tsirowa.

Daga kowace shuka za a iya ɗibar iri?

Na girki, ko wacce. Na shuka kuwa, a zaɓi wadda ta fi daɗewa ba ta yi fure ba, don 'ya'yanta ma su daɗe suna ba da ganye. Kowace ƙwaya iri biyu ne a manne, shi ya sa kafin shuka ake ɗan murza ta har ta rabe biyu, a jiƙa ta kwana ɗaya.