Ba Nirvana ce ta ƙirƙiro kiɗan grunge ba

Har gobe akwai masu ɗauka cewa ƙungiyar Nirvana ce ta haifi kiɗan grunge, wani salon kiɗan rock, a birnin Seattle na Amurka. Ba haka abin yake ba. Da farko ma su ba 'yan Seattle ba ne: a Aberdeen, wani ƙaramin garin masu sana'ar katako a jihar Washington, Kurt Cobain da Krist Novoselic suka kafa ta a 1987. Kafin nan ƙungiyar Melvins ta fara tun 1983, ƙungiyoyin Green River da Soundgarden kuma a 1984, suna kaɗa jita mai kaushi da nauyi a ƙananan gidajen rawa. Cobain yana saurayi ya sha zuwa kallon Melvins suna gwaji, har yana taya su ɗaukar kayan kiɗa.

Salon da aka san Nirvana da shi fa, wato a fara waƙa ƙasa-ƙasa, amshi na zuwa a ɓarke da ƙara, Cobain da bakinsa ya ce a wurin ƙungiyar Pixies ta birnin Boston ya kwaikwayo shi.

Faifan Nevermind da Nirvana ta fitar a 1991 ne ya jawo ruɗanin. A Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, mutane suka ɗauka wanda suka fara ji shi ne na farko. A ganina wannan bai rage musu daraja ko kaɗan ba, domin bayan nasararsu ce manyan kamfanonin faifai suka yi ca a kan makaɗan yankin: Mudhoney ta koma Reprise a 1992, Melvins kuma Atlantic ta ɗauke ta.