Me ake nufi da ƙarfin ciniki a harkar madara?

Idan ana zancen kiwo a Gombe, akan ji an ce masu shanu ba su da ƙarfin ciniki. Abin nufi shi ne ikon mai kaya ya ce "albarka" idan an yi masa tayin wulaƙanci, ya kuma iya jiran wani mai saye.

Mai buhun masara yana da wannan iko. In farashi bai yi masa ba, ya mayar rumbu. Mai madara ba shi da shi. Ɗanyar madara 'yan sa'o'i kaɗan take yi a zafin Dukku ko Bajoga ta fara tsami, mai saye kuma ya san haka. Shi ya sa tun fil'azal matan Fulani ke mayar da ita kindirmo, su kaɗa su cire man shanu, don ta jure kwana. Duk da haka, wadda ta tako daga ruga da ƙwarya a ka, in la'asar ta yi sai ta sallama ko nawa aka taya.

Da damina kowace ruga na tatsa, farashi ya karye. Da rani ya tashi, amma saniyar da tun asali lita 1 zuwa 2 take bayarwa a rana ta ƙafe, ga kuɗin dusa da harawa. Sannan ga madarar gari ta ƙasashen waje, wadda masu yin yogot ke komawa gare ta da zarar ta gida ta yi tsada. Farashin adalci kuwa shi ne wanda ya biya abincin dabba, magani, wahalar tatsa da kuɗin mota, ya bar riba.

A 1946, masu shanu a Anand ta ƙasar Indiya suka daina sayar wa 'yan tsakiya, suka kafa ƙungiyar gama-kai da ta zama Amul, shahararriyar ƙungiyar sarrafa madara ta ƙasar. Ana auna madarar kowa, a biya shi gwargwadon yawanta da maiƙonta.

Makiyayan Wawa-Zange, wani filin kiwo a jihar Gombe, su ma za su iya haka, in akwai tankin sanyaya madara mai aiki da hasken rana. Sai dai a tambaya: tankin na wa ne? In na kamfani ɗaya ne, shi zai ci gaba da yanka farashi. A kuma kula da sunan wanda ake biya, domin a al'adar ruga kuɗin nono na mata ne, rajistar ƙungiya kuwa sau da yawa sunan maigida ake rubutawa.