Waiwaye: Yadda Takardar Indijin Ta Raba Ɗan Gari da Baƙo

A 2025 wani ƙudiri ya tayar da ƙura a Majalisar Wakilai ta Najeriya. Ya nemi a ɗauki mutumin da ya shekara 10 yana zaune a wata jiha, da matar da ke auren ɗan jihar, a matsayin 'yan asalin wurin. Wasu suka ce dabara ce ta ƙwace ƙasar kakanni, wasu suka ce ai tuni ya kamata a yi haka. Ƙarshe dai aka janye shi, amma har yau ba a daina musu ba, kuma da yawan masu musun suna magana kamar jiya aka fara wannan wariya.

Farkon labarin sananne ne. A zamanin Turawa aka keɓe wa 'yan Kudu Sabon Gari a Kano da Zariya, Hausawa kuma suka samu Sabo a Ibadan. Siyasar yankuna ta shekarun 1950 ta ƙara zurfafa rabuwar, sannan yaƙin basasa ya zo daga 1967 zuwa 1970. Kafin duk wannan, birni kamar Kano haɗiye baƙo yake yi. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa. Jikokin waɗanda suka kafa su Kanawa ne, ba mai tambayarsu takarda.

Inda aka fi tsallakewa in ana ba da wannan tarihi shi ne kundin tsarin mulki na 1979. Niyyar da ke bayansa mai kyau ce. Ƙasa ta fito daga yaƙi, ana tsoron kada wata ƙabila ko wani yanki ya mamaye gwamnati, sai aka shigo da tsarin raba daidai. Aka ce dole a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalin jihar. To wane ne ɗan jiha? Kundin ya amsa: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga kakanninsa, ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Wato jini, ba wurin haihuwa ba, ba wurin zama ba, ba inda kake biyan haraji ba.

Abin da kundin ya yi shiru a kai ya fi abin da ya faɗa nauyi. Bai ce wace al'umma ce mai asali ba, bai kuma sa wata shekara da za a fara ƙirge daga ita ba. Zuwan Turawa? Jihadin 1804? Ko kafin nan? Da yake ba ma'auni, hukunci ya koma hannun duk wanda zai sa hannu a takardar indijin, wato takardar shaidar cewa mutum ɗan asalin wuri ne, shi kuma abin da zai duba bai wuce sunan mutum da harshensa da addininsa da wanda ya tsaya masa ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Mutum ne kawai yake jin wani suna "namu ne", wani kuma ba namu ba, bai ma san yana auna haka ba. Kundin 1999 ya gaji wannan ma'ana a sashe na 318, alhali sashe na 42 na wannan kundi ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Takardar kuwa ta wuce maganar minista, ta shiga gurbin jami'a, tallafin karatu, kuɗin makaranta, aikin gwamnati, shiga soja da ɗan sanda. Karin maganar nan ta "baƙo raɓa, ɗan gari kaba" ta samu hatimi.

Sai ƙirƙirar jihohi ta yi ta haifar da sababbin baƙi: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Bakatsine ya wayi gari baƙo a Kaduna a 1987, Bahaɗeje a Kano a 1991, ɗan Gusau a Sakkwato a 1996, ba tare da ko ɗayansu ya matsa daga gidansa ba. Matar aure ta fi kowa shan wahala, don jihar uba na iya ce mata ta tafi, jihar miji ta ce ba a nan aka haife ta ba.

Mu Hausawa mun saba kuka da wannan a Jos da Legas, amma ba mu cika tuna Ibo ɗin da aka haifi shi da ubansa a Sabon Gari ba. Kuma a Jos ɗin, in aka bi diddigi, rikicin Afrilun 1994 ya taso ne kan naɗin shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙira a 1991, na Satumban 2001 ma taƙaddamar naɗin wani muƙami ce ta share masa fage. Ana kiransu rikicin addini, amma a duka biyun gardamar farko ita ce wa ya cancanci kujerar a matsayin ɗan asali.