Mene ne cikowar ruwan ƙasa, kuma me ya sa rijiyoyin Zariya suka dogara da ita?

Masu binciken ruwa suna yawan maganar cikowar ruwan ƙasa, musamman yanzu da damina ta sauya hali. Abin da suke nufi shi ne kason ruwan sama da yake nutsewa cikin ƙasa, ya wuce inda saiwoyin tsirrai suke kaiwa, ya gangara har ya tarar da ruwan da yake kwance a can ƙasa, ya ƙara masa yawa. Ba duk ruwan da ƙasa ta sha ba ne yake kaiwa can. Mafi yawansa rana da iska suke kwashewa, ko shuka ta zuƙe, wani kuma ya bi kwata ya faɗa kogin Kubanni ko na Galma. Ɗan abin da ya tsira shi ne muke jawowa da guga a watan Maris.

Da yawanmu mun tashi da tunanin cewa akwai kogi yana gudu a ƙarƙashin gari, wanda ya yi sa'a ya haƙa a kansa. A Zariya ba haka abin yake ba. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena. Wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a wuri biyu: a samansa, inda ya ruɓe ya koma yashi da yumɓu, da kuma cikin tsagunansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta ya ga jerin da idonsa. Jar ƙasa ce take fara fitowa, sai marmara mai cin bakin diga, sai wata ƙasa mai laushi fari-fari da take ƙyalli in rana ta haska ta, sai mahaƙi ya ɗago murya daga ciki ya ce, "Maigida, an fara jin danshi." Ruwan yana zaune ne a 'yan kafofin da suke tsakanin ƙwayoyin ƙasar, kamar yadda zai zauna in ka tuttula shi cikin bokitin da aka cika da tsakuwa. Wannan ruɓaɓɓen sashe kuwa ba shi da kauri sosai, sau da yawa 'yan gomman mitoci ne, a wani wurin ma bai kai ba. Shi ya sa ƙara wa rijiyar burtsatse zurfi ba kullum yake kawo ruwa ba, domin in injin bai ci karo da tsagi ba, ƙurar dutse kawai zai yi ta fesowa. Shi ya sa kuma ake kiran masu awo kafin a haƙa, su kakkafa ƙarafuna a ƙasa, su ja waya, su tura lantarki, su gano inda dutsen ya fi ruɓewa.

Ma'ajiyarmu ke nan ƙarama ce, kuma damina ce take cika ta shekara bayan shekara. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Ruwan farko ba ya kaiwa ko'ina, ƙasa tana da ƙishin wata shida, sai ta sha ta ƙoshi kafin ta saki ragowa. Don haka sai marka ta kankama a Agusta zuwa Satumba ake ganin ruwan rijiya ya taso, har a wasu unguwanni igiya gajeriya ta wadatar.

Yadda ake auna cikowar ba wani abin mamaki ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa duba zurfin ruwa a rijiya ɗaya duk mako. A ce ruwan ya taso da mita 3 a damina, kuma ƙasar wurin tana iya sakin kashi 2 cikin 100 na girmanta a matsayin ruwa, to cikowar ta zama milimita 60. Akwai masu auna sinadarin kuloraid, wanda yake cikin gishiri, su kwatanta yawansa a ruwan sama da na rijiya. Akwai kuma taurarin ɗan Adam na GRACE da aka harba a 2002, waɗanda suka yi aiki har 2017 suna gane ƙaruwa ko raguwar ruwa daga sauyin nauyin ƙasa, sai dai awonsu na yanki mai faɗi ne ƙwarai, ba zai gaya maka halin rijiyar Samaru ba.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankali shi ne batun sauyin yanayi, domin amsar ba ta tafi yadda mutum zai zata ba. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe kuma Tafkin Chadi ya janye. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma da wata sabuwar ɗabi'a: ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke ƙafa. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wani kuma a 2019, wanda ya tattara bayanan rijiyoyi na shekaru masu yawa daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa a wurare masu ƙarancin ruwa, ruwan sama mai ƙarfi shi ne ya fi cika ƙasa, ta hanyar taruwa a tafkuna da rafuka sannan ya tsiyaya a hankali. A kudu maso yammacin Nijar, kusa da Yamai, ruwan ƙasa ya ma taso da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da shekarun fari, saboda sare daji ya sa ruwa yana kwarara ya taru a tafkuna. Wannan ba dalilin sare itace ba ne, ƙasar noma ta zaizaye a can, kuma ƙasarsu mai yashi ba irin tamu ba ce. Amma ya nuna cewa inda ruwa ya samu wurin tsayawa yana da muhimmanci kamar yawan ruwan da ya sauka.

A nan ne nake ganin mu mutanen Zariya muke cutar kanmu. Kududdufan cikin birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini tun zamanin kakanni, suna tare ruwan damina su ba shi lokacin nutsewa. Yau ana cike su da shara a yanka filaye. Tsakar gida da da ƙasa ce ana malale ta da siminti, ruwan kwano kuma a miƙa shi titi. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100 yana tara kusan lita 100,000 a damina ɗaya, wato jarka 4,000 mai cin lita 25, irin wadda muke saya wurin 'yan garuwa da rani. A lokaci guda kowane sabon gida yana son burtsatsensa da tankinsa. Ana ƙara bakunan sha, ana toshe hanyar shiga.

Akwai kuma gefen da ba a cika faɗa ba. Hanyar da ruwa mai kyau yake bi ya shiga ƙasa ita ce ƙazanta take bi. Kududdufin da ya zama juji, ko masai da aka haƙa dab da rijiya, suna cika ƙasa da abin da bai kamata ba, kuma haɗarin ya fi yawa a tsakiyar damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso kusa da sama.

Muna da masana a kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin duwatsu da na injiniyancin albarkatun ruwa, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da ta daɗe tana ajiye lissafin ruwan sama, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna. Abin da irin wannan bincike ya fi bukata shi ne awon zurfin rijiyoyi na shekaru a jere, unguwa-unguwa, kuma wannan aiki ne da makarantar sakandare ko kwamitin masallaci za su iya ɗauka da igiya mai alama da littafi, su riƙa miƙa wa jami'a abin da suka rubuta a ƙarshen kowace damina.