Karatun Tsara Birane a Jami'a: Amsoshin Tambayoyin Iyaye da Ɗalibai a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 ke yawan yi duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB.

Wai shi mai tsara birni ba shi ne mai zanen gini ba?

Ba shi ba ne. Mai zanen gini aikinsa na cikin fuloti: ɗaki nawa, ina ƙofa, ina matakala. Safiyo yana auna fili ya kafa duwatsun iyaka. Injiniya yana lissafin rodi da kankare. Mai tsara birni kuwa shi ke yanke abin da ya dace a yi da ƙasar tun kafin a zo ga fuloti: nan gidaje, can kasuwa, ga inda titi zai bi da faɗinsa, ga hanyar ruwa wadda ba a taɓawa. Akwai reshen da ke tsakanin zanen gini da tsara birni, mai kula da fasalin titi da dandali da tsayin gine-gine da inda mai tafiya a ƙasa zai taka. A Najeriya galibi darasi ne a cikin digirin tsara birane, wanda ya so zurfafawa sai a digiri na biyu.

Waɗanne darussa ake nema, kuma ina ake karantawa?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da labarin ƙasa. A JAMB yawanci Turanci, lissafi, labarin ƙasa, sai ɗaya daga tattalin arziki, fizis ko kemistiri. Makarantu sun sha bamban a kan na huɗun, don haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike. Inda yara suka fi faɗawa rami shi ne ajiye labarin ƙasa tun a aji huɗu na sakandare, sai an zo cike fom a ga ƙofa ta rufe.

A Legas akwai sashen a Jami'ar Legas da ke Akoka, digirin shekara biyar. Kwalejin Fasaha ta Yaba tana ba da ƙaramar difiloma da babba, kuma mai difiloma da sakamako mai kyau na iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wanda ya fi son komawa Arewa, akwai ABU Zariya, BUK da Jami'ar Fasaha ta Minna. Jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 cikin ɗari na gurabe ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna ciki. Yaron da aka haifa a Agege amma asalinsa Jigawa ko Sakkwato ya nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa da wuri.

Me ake yi a shekaru biyar ɗin?

Ajin farko share fage ne: lissafi, zane da hannu, karatun taswira. Daga aji biyu sitidiyo, wato darasin aikin tsarawa da zane, ke zama ƙashin bayan karatun, kuma shi ke da maki mafi nauyi. Za a ba ku yanki, a ce hekta goma a bayan Ikorodu, ku tsara unguwa. Kuna fara zuwa wurin ku ga tudu da kwari, inda ruwa ke kwanciya, turakun lantarki, gidajen da suka riga ku. Sannan lissafi. Hekta goma murabba'in mita 100,000 ce. In tituna da magudanai suka ci kashi 25, makaranta da asibiti da kasuwa da filin wasa suka ci 15, saura 60,000. Fulotin Legas na mita 18 da 36, wanda ake kira ƙafa 60 da 120, murabba'in mita 648 ne, wato fuloti 92 ke nan. Da ɗan 50 da 100 da muka saba da shi a Arewa, kimanin 450, za a samu 133. Daga nan ake ƙiyasta mutum nawa za su zauna, a fitar da yawan azuzuwa da ruwan sha da sharar da za a riƙa kwashewa. A ƙarshe a manna zanen a bango, ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Kurakuran sababbin shiga kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Su cika takarda da fuloti don ya yi yawa, a samu fulotin da ba shi da hanyar shiga. Su zana gwata tana hawa tudu saboda ba su karanta layukan tsayin ƙasa ba. Su jefa filin wasa a lungun da ya rage. A Legas, inda ƙasa ke kwance dab da teku, hanyar ruwa ake fara zanawa, titi ya biyo, fuloti ya zo ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri ya tsara ambaliya da hannunsa.

Aji uku zuwa biyar akwai sufuri, gidaje, dokar ƙasa, sabunta tsofaffin unguwanni da nazarin illar aiki ga muhalli. A aji huɗu ana fita koyon aiki na kimanin wata shida. A aji biyar kowa ya rubuta kundin bincikensa.

Ba na iya zane, zan iya?

Za ka iya. Tsafta da bin ma'auni ake nema, ba gwaninta ba. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne ƙididdiga da rubuta rahoto da Turanci.

Wane kaya za a saya?

A farko allon zane, rula mai ma'auni, alƙaluman zane da takarda mai shara-shara. Daga aji biyu kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama dole, mai ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 8, in da hali 16, domin manhajojin zane da taswira irin AutoCAD da ArcGIS ba sa tausayin ƙaramar na'ura. QGIS kyauta ce kuma tana yin mafi yawan aikin. A ware kuɗin buga manyan zane da na motar zuwa fili, su ne ke cin aljihu a hankali.

Wani tarko da ya kamata a sani tun yanzu: takardun safiyo da yawa a Najeriya an auna su a kan tsarin awon taswira na Minna, hoton Google Earth da GPS na waya kuwa suna kan WGS84. In ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba ka daidaita ba, fili zai goce da gwamman mitoci, ka ga fuloti a tsakiyar titi.

Me ya sa ake cewa Legas ce makarantar wannan fanni?

Domin nan aka fara. Annobar ɓeraye da ta ɓarke a tsibirin Legas a 1924 ita ta haifar da hukumar raya birnin Legas, LEDB, a 1928, wadda ta shiga rushe cunkusassun unguwanni. Festac ta 1977 da rukunin gidajen Jakande misalai ne na unguwar da aka tsara kafin a zauna. Unguwar Maroko, da aka rushe a Yulin 1990 zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, darasi ne na tashin jama'a ba tare da isasshen matsuguni ba. Ga motocin bas na BRT daga Mile 12 zuwa CMS tun 2008, ga jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, ga na Agbado zuwa Oyingbo a 2024. Ga kuma benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe sama da mutum 40.

A ɓangaren doka, ɗalibi zai haddace Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da dokar tsara birane ta 1992. Amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jiha ne, shi ya sa Legas ta yi tata dokar a 2010. Hukumar LASPPPA ke ba da izinin gini, LASBCA ke bin ginin mataki-mataki.

A ganinmu nan ne fannin ya fi shafar mu. Kasuwanni da zangonnin Hausawa su ne ake yawan yi wa barazanar tashi ko rusau, kuma sau da yawa a zaman da ake yi da gwamnati babu ɗanmu ko ɗaya da zai buɗe taswirar yankin ya nuna abin da aka ware wurin dominsa. Mutum ya riƙe rasit ɗin masu ƙasa yana ganin ya gama, alhali takardar mallaka daban, izinin gini daban, kuma wanda ya gina a ƙarƙashin babban layin lantarki ko kan hanyar ruwa babu takardar da za ta cece shi.

Bayan kammalawa fa, akwai aiki?

Digiri kaɗai bai ba ka ikon sa hatimi a kan tsari ba. Bayan bautar ƙasa sai ka yi aiki ƙarƙashin mai rajista, ka shiga ƙungiyar masu tsara birane, NITP, da aka kafa a 1966, ka ci jarrabawa, sannan majalisar TOPREC, wadda dokar 1988 ta kafa, ta yi maka rajista. Kafin a karɓi gurbi a kowace makaranta a tabbatar TOPREC da hukumar jami'o'i sun amince da sashen.

Guraben gwamnati a Alausa, sakatariyar jihar Legas, ba su da yawa, gasa kuma da zafi. Waɗanda suka fi saurin samu su ne masu hannu a taswirar kwamfuta, domin kamfanonin gidaje da na sadarwa da ƙungiyoyin agaji duk suna nemansu. Jihohin Arewa ma suna da hukumominsu, irin KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, kuma wanda ya koyi aiki a Legas yana jin Hausa da Yarbanci ba ya rasa inda zai sa kai.