Waiwaye: Yadda Kiɗan Jazz Ya Shiga Aji

A farkon ƙarni na 20, a birnin New Orleans na Amurka, jazz, wato salon kiɗan da baƙaƙen fatar ƙasar suka ƙirƙiro, da kunne ake koyonsa. Yaro yakan bi masu busa a jerin gwanon jana'iza ko gidan rawa, ya saurara, ya koma gida ya yi ta gwadawa har ya kama. Shahararren makaɗin jazz Louis Armstrong kansa a gidan kangararrun yara ya samu horon busa ƙaho a 1913, a hannun malaminsa Peter Davis, kuma kiɗan badujala aka koya masa. Manyan makarantun kiɗa na lokacin kuwa kallon hayaniyar mashaya suke yi wa jazz.

Wani abin mamaki, a Jamus aka fara buɗe masa ƙofa. A 1928 makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt ta kafa ajin jazz ƙarƙashin Mátyás Seiber, duk da surutun da hakan ya jawo. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka rufe ajin.

A Amurka, yawancin masu ba da wannan tarihi daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu suke farawa. Dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo, cikinsu har da makaɗa masu yawa, sai makarantu suka ga ɗalibai da kuɗi a hannu. Lawrence Berk ya buɗe makarantar kiɗa ta Schillinger House a Boston a 1945, wadda ta koma Berklee a 1954. A 1947 kuma kwalejin North Texas ta fara ba da digiri a wannan fanni ƙarƙashin Gene Hall.

A ganina, farawa daga nan rashin adalci ne ga waɗanda suka yi aikin tun kafin a sa masa suna. Tun a 1927 Jimmie Lunceford yake koyarwa a makarantar sakandare ta Manassas da ke Memphis, kuma ƙungiyar da ya haɗa da ɗalibansa ce ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan ƙasar. A Chicago, Kyaftin Walter Dyett ya fara koyarwa a 1931, daga baya a makarantar DuSable. Mutum ne mai tsanani, wanda aka sani da tsinto kuskuren ɗalibi ɗaya a cikin taron masu busa. Kuɗin sayen kayan kiɗa ma da wasan shekara-shekara na ɗalibansa yake tarawa. Shahararrun mawaƙa da makaɗa irin su Nat King Cole da Dinah Washington da Johnny Griffin duk ta hannunsa suka bi. Haka Samuel Browne ya yi a Los Angeles, inda ya koyar da shahararren makaɗi Dexter Gordon.

Duk waɗannan malamai uku baƙaƙen fata ne, suna koyar da yaran unguwanninsu. Ita kuwa North Texas, lokacin da ta buɗe shirinta a 1947, ba ta karɓar baƙar fata ko ɗaya. Sai a 1956 ta fara ɗaukarsu karatun digirin farko.