Wai mene ne "origami" da masu kwalliyar takarda ke ta faɗa?

In ka leƙa TikTok ko YouTube wajen masu kwalliyar ɗaki da takarda, musamman gab da sallah ko in suna ya matso, kusan kowa origami yake kiran abin da ya yi. Wadda ta yayyanka da almakashi origami, wanda ya shafe hannu da gam har gwiwa shi ma origami. To ba haka abin yake ba fa.

Kalmar ta mutanen Japan ce, kalmomi biyu suka haɗa, ori wato ninkewa, da kami wato takarda, wajen haɗawar ne k ɗin ta koma g. Ninkin takarda kenan, shi kenan. Ka ɗau falle ɗaya da tsawonsa da faɗinsa suke daidai, ka yi ta ninkewa har ya zama tsuntsu ko fure ko tauraro, babu yanka babu gam. Da zarar almakashi ya shigo sunan ya canza, kirigami suke ce masa, daga kiru, yankewa. Irin wanda za ka ninke takarda ka ɗan tsattsaga gefenta, in ka buɗe ka ga zane kamar leshi, wannan kirigami ne.

Kuma duk mun taɓa yi ai. Duk wanda ya ɓalle tsakiyar littafinsa a firamare ya haɗa jirgin sama ya cilla da malam ya juya baya, ko ya yi kwale-kwale ya ɗora kan ruwan kwata da damina yana binsa da gudu har ya jiƙe ya nutse, origami ya yi, sunan ne kawai bai sani ba.

Wanda ya ɗaga darajar abin a duniya wani ɗan Japan ne, Akira Yoshizawa, an haife shi a 1911 ya rasu a 2005. Kibiyoyin nan da layuka masu ɗigo-ɗigo da ake zanawa don nuna inda za ka ninke, daga tsarinsa suka samo asali. Ninki biyu ne tushen komai, wanda takardar ke lotsawa kamar kwari da wanda take tasowa kamar tudu, sauran duk maimaici ne da haƙuri.

Siffar da ta fi suna ita ce ta wani tsuntsu ɗan uwan gaurakarmu, tsuru suke ce masa. A al'adarsu wai wanda ya ninke guda 1,000 burinsa zai cika. Wata yarinya 'yar Japan, Sadako Sasaki, tana da shekara 2 aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima a 1945, daga baya sankarar jini ta kama ta, a gadon asibiti ta riƙa ninke tsuntsayen nan har da takardun magani, ta rasu a 1955 tana shekara 12. A 1958 aka gina abin tunawa da ita a garin, har yau yara daga ƙasashe daban-daban suna aika tsuntsayen takarda can.

In kwalliya kike so ki yi a gida, Hajiya, ba sai kin nemo takardarsu ta musamman mai santimita 15 ba. A4 mai kala ta wajen masu fotokwafi ta isa. Kama kusurwa ɗaya ta sama ki kwantar da ita kan dogon gefen har ta ba ki kusurwa uku, ragowar da ta zarce a ƙasa ki ninke ta ki bi da farce sau uku ko huɗu, da kanta za ta yage a miƙe. Kin samu murabba'i. Ni dai abin da na lura, mafi yawan masu cewa nasu ya ƙi kyau sakaci suke wajen danne ninki, suna shafa shi sama-sama da tafin hannu, alhali sai an bi shi da farce ko bayan cokali ya fito tsaf. Kwali kuma ki bar shi, ninki biyar zai fara tsagewa, tsohuwar kalanda mai sheƙi ma ta fi shi.

In kin ninke tsuntsaye ko furanni kin tara kamar ashirin sai ki sa allura da zare ki huda su ta tsakiya, ki ɗaura ƙulli a ƙarƙashin kowanne don kar su zame su taru waje ɗaya, ki rataye a bakin labule. Kar dai ki kai su kusa da kaskon turaren wuta.